Kaset Marar Suna

Bayan layin 'yan gwanjo a Kasuwar Barci,
inda kekunan ɗinki ke zuba kamar ruwa kan kwano,
akwai rumfar Jatau mai gyaran rediyo.
Eriya ce ta kai ni, ba komai ba.

Ya dube ni, ya ce, "Zauna.
Kunnenka ya rame.
Kullum abu ɗaya kake ba shi,
kamar majinyacin da aka ɗora kan kunu."
Ya zaro kaset daga gwangwanin madara,
ya goge shi da gefen riga,
ya zura biro ya naɗe zaren da ya saki,
ya danna.

Wata mata ce.
Babu suna a jikin kwalin,
sai "Kakuri, dare" da jan tawada.
Muryar na da kaushin tafin hannun da ya sha aiki,
tana waƙa da yaren da ban iya ba,
wani na kaɗa kwalba da cokali a bayanta.
Can jiniyar masaƙa ta tashi, ta ratsa ɗakin.
Ba ta tsaya ba.
Ta kama jiniyar ta mai da ita 'yar amshi.

Na ce, "Wace ce?"
Ya ce, "Da na sani, da na huta.
Shekara ashirin ina tambayar kwastoma."

Daga nan na zama ɗan rumfa.
Ran Talata ya ba ni mai gurmi daga Birnin Gwari
wanda tsirkiyarsa ta tsinke a tsakiyar baiti,
ya yi dariya, ya ƙarasa da guda.
Wata rana matan zumunta na Narayi,
tukunya na numfashi a ƙarƙashin muryoyinsu.
Wata rana ƙahonin Kagoro,
kowanne da kalma ɗaya tak a bakinsa,
sai sun haɗu zance ke fita.
Har da wasu 'yan reluwe masu jita
da suka yi faifai ɗaya, suka koma gyaran dogo.

Ni ma na rama biki.
Na kai masa waya da wani yaron Sabon Tasha
mai jero magana kamar ana soya gyaɗa
a kan kalangun da inji ya haɗiye ya amayar.
Jatau ya ɗaure fuska, ya ce hayaniya ce.
Amma ƙarƙashin tebur
ƙafarsa ta ci amanarsa.

Ranar da na kwafi matar Kakuri a waya,
na roƙi mai Keke Napep ya sa mana.
Muna kan gada, kogi ya cika ya yi ja,
ba mai cewa uffan.
Wata tsohuwa a gefena, da buhun citta a cinya,
ta fara taɓa ƙarfen kujera da zobenta,
daidai, daidai, ko sau ɗaya ba ta kuskure ba.
Ta ce, "Zigwai ce.
A ɗakinmu aka ɗauka, daren da aka biya albashi.
Ni ce mai kwalbar."
Kafin in haɗa tambaya ta ce a tsaya,
ta biya kuɗinta, ta shige cikin mutanen Talbishin.

Da safe na riga Jatau isa rumfa.
Ya ji, ya yi shiru,
ya nemo jan biro, ya rubuta sunan a hankali
kamar mai raɗa wa jariri.

To kai mai karatu,
ba zan ce ka bar abin da gari ke rawa da shi ba.
Amma in hanya ta kai ka Kasuwar Barci,
wuce masu yadi, wuce mai shayi,
ka ce a sa maka Zigwai.
Ka saurari muryar.
Sannan ka sake sa wa daga farko,
ka saurari kwalbar.