Minti Ɗaya

Ranar da na fara sa farin kaya a Puno,
Malama Eulalia Ticona ta kama tsintsiyar hannuna,
ta ce, "Ina agogonki?"
Na nuna mata waya.
Ta ce, "Waya takan mutu a kan dutse. Nemo mai allura."

Nata ɗan ƙarami ne, gilashinsa da tsaga.
Da shi ta fara aiki tun tana budurwa,
a ɗakin shan magani na bakin tafki,
inda ruwa ke kwana da ƙanƙara a leɓensa,
kwalekwale na kawo masu tari da asuba
naɗe cikin bargon ulu.

A can ta koyi ƙirga.
Ɗaga rigar yaro, dubi ƙirji,
minti ɗaya cur, ba a yi masa ragi.
In ɗan wata shida ya haura hamsin,
kada ki jira likita,
likita na bayan duwatsu uku.

Akwai wani yaro, Fermin.
Sau ɗaya tak na ji labarinsa,
muna feraye dankali a kicin ɗin asibiti.
Ta ƙirga sittin da takwas,
ta buɗe kabad, ta tarar da kwalabe wayam.
Uwar ta goya shi ta tafi, kamar mai barci.
"Ƙirgana daidai ne," in ji ta,
"kabad ɗin ne ya ci amana."

Da ta zama shugabar ɗakin yara
ba ta da sauƙi, gaskiya ɗaya ce.
Ta taɓa sa ni kuka kan ɗigo biyu na magani
da na rubuta ban auna ba.
Amma ita ta tsaya wa manya a maƙogwaro
har aka daina bar wa mace ɗaya gado talatin a dare,
ita ce kuma mai ɓoye mana shayi a bayan fayil.

A aji, alli ya fi son rigarta da allo.
Ta hana mu cewa "gado na bakwai".
"Gado ba ya zazzaɓi.
Yaro na da suna, uwa na da harshe.
In Aimara take ji, ki koya, ko kalma goma ce."

Sai Lima ta kira ta.
Shekara tara tana hawa bene da takardu a hammata,
ana ce mata babu kuɗi,
tana cewa ƙananan akwatunan gawa ma ba kyauta ba ne.
An ce wata rana ta kwance agogon ta ajiye a tebur,
ta dubi masu kwat:
"Ku ja numfashi sittin da takwas
kafin allurar nan ta zagayo."
Ɗaya ya gwada.
A arba'in jiri ya ɗebe shi.

Abin da ta samo bai wuce layi biyu ba,
can ƙasan wani shafi da ba mai karantawa:
maganin ciwon huhu ya isa kowane tudu
kafin sanyi ya sauka.
Babu sunanta a ciki.
Wata shekarar ma motar takan makara.
"Da babu gara ba daɗi," ta ce mini,
"amma kada ki saba da ba daɗin."

Yanzu tana Chucuito, hannu na rawa,
tana faɗa da tsuntsaye kan 'yar gonarta.
Agogon yana hannuna, na ƙara wa maɗaurin huda.

Daren jiya aka kawo wata jaririya, Nélida.
Ɗalibata ta laluba aljihu za ta ciro waya,
na miƙa mata hannuna.
Hamsin da bakwai.
Ta juya ta nufi kabad,
ni kuwa na riƙe numfashina
har na ji ƙarar kwalba ta taɓa kwalba.