Ƙugiyar Wutsiya

Na farkon a aljihun rigar sanyi na same shi,
cikin dilar gwanjo da Arzika ya kwance a Babbar Kasuwa,
rigar wani yaro da ban san ƙasarsu ba.
Tsawonsa ɗani guda, amma da na ɗaga
sai hannuna ya sunkuya.
Ba gwangwani ba ne, ba roba ba,
ƙarfen zubi ne, mai sanyin bakin tulu da asuba.
Arzika ya ce dala ɗari. Na ce sittin.
Ya ce, "Tsoho, wa za ka kai wa yaƙi?"

Ni mai gyaran agogo ne a Bagalam,
shekara talatin da huɗu ido ɗaya cikin gilashi.
In an yi abu da haƙuri, ina gane shi.
A ƙarƙashin cikinsa an buga ɗaya bisa saba'in da biyu.
Na yi lissafi a bayan kwalin shayi:
na gaskiyar, in ya sauka a layinmu,
hancinsa na ƙofar masallaci,
wutsiyarsa na cikin kaskon mai ƙosai.

Fikafikansa na naɗewa sama
kamar mai shirin kabbara.
Na ɗauka karaya ce, na kwana biyu ina neman laifin,
har Barmo ɗana ya dawo daga Kwatano da kamiyo,
ya yi dariya har da riƙe ciki.
"Baba, kan jirgin ruwa suke kwana.
Wurin kaɗan ne, dole kowa shi tattara hannunshi."

Yau goma sha ɗaya ne.
Bakwai Barmo ya kawo, naɗe cikin safa.
Na cire ƙyauren tsohuwar taga, na shafe shi da ruwan toka,
na ja farin layi da alli, nan suke jere.
Ɗaya ya zo babu taya, na sa masa kan wanin agogo.
Ɗaya babu murfin matuƙi,
na yanka masa daga gilashin agogon wani alhaji
da bai dawo karɓa ba tun kafin ambaliya.
Ran Juma'a bayan an sauko
nake bin su da gashin zabo, ɗaya ɗaya.

Tsahara ta ce buhun hatsi biyu ke zaune kan katako.
Ban musa ba.
Uku ne.

Haɓsu jikata ta ɗora haɓa a gefen ƙyauren,
ta ce, "Kaka, to ina ruwan?"
Me zan ce mata?
Gulbinmu wata tara rairayi ne da sawun shanu,
in ya kawo a Agusta, ja ne, mai gaggawa, ba ya kwana.
Mu da ko gishirinmu daga hamada yake zo mana.
Na ce, "Ruwan na ƙarƙashi, ki yi a hankali da ƙafa."
Ta ɗage zanenta ta tsallake tabarma.

Abin da ya fi tsaya mini a rai
ba makaman ba ne, ba zanen haƙoran da ke hancin wani ba.
Wata 'yar ƙugiya ce a gindin wutsiya,
siririya kamar allurar daƙiƙa.
Barmo ya ce filin saukar gajere ne,
sai an shimfiɗa igiyar ƙarfe a gicciye.
In ƙugiya ta kama, ka iso gida.
In ta kuskure, ka sake tashi, ka zagayo,
in da sauran mai.
Duk wannan gudun, ashe sai an riƙe shi.

Damina biyu ke nan Barmo bai sauka ba.
Muryarsa kawai ke zuwa a salula, da ƙarar injin a bayanta.
Na kafa ƙusa biyu a ƙarshen ƙyauren,
na sato baƙin zare a gwangwanin ɗinkin Tsahara,
na ɗaure tsakaninsu, na ja har ya yi kuka.
Na matsa sauran gefe.

Shekaranjiya ya ce ya ga na goma sha biyu,
amma ƙugiyarsa ta karye.
Na ce, "Kawo shi haka nan.
Ina da allura."