Karatun Gaɓa

Baba Nomau bai san baƙi ba,
amma yana karanta gaɓar Gulbi
kamar mai bin layi da yatsa.

Ya ce, dubi nan, Mantau.
Jar ƙasar sama ta sha ruwa kwana uku, ta yi nauyi.
Ƙarƙashinta laka ce, baƙa, mai taurin kai.
Can ƙasa farin yashi,
wanda magina ke so, wanda ke kawo jika,
shi ba ya riƙe amanar kowa.
Damƙe shi.
Na damƙa,
ya tsiyaye ta yatsuna kamar tsakin gero.
Ya ce, to a kansa duk gaɓar ke zaune,
mu kuma shi muke yashewa.

Muka hau sama.
Tsaga ce ƴar siririya a gindin sabara.
Ya zura karan dawa,
kara ya tafi, ya tafi,
har hannunsa ya taɓa ƙasa.
Ya buga dunduniya,
aka amsa daga can ciki: gum,
muryar tulun da ba ruwa.

A ƙasa direban kamyo yana ta danna oda.
Wani bene a Maradi na jiran yashi,
gidana na jiran cefane.

Nomau bai ko waiwaya ba.
Shi ya tono Arzika shekara tara da suka wuce,
ya yar da shebur don kar ya sare shi,
ya yi ta yashe da hannu har farce ya fita.
Ya ce tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kamu biyu ba,
lokacin kuma bai fi na dafa shayi ba.
Hula ya fara samu.

Tun ranar ba ya barin mutum biyu su shiga kogo tare.
Ɗaya ya haƙa, ɗaya ya tsaya nesa
idonsa a kan leɓen gaɓa,
in ya ga yashi na zubowa ba iska, ya yi ihu.

Yau kam ko ɗaya, in ji shi.
Muka kora jakai gida, amalanke na ta ƙara don ba kaya.

Cindo ya shiga.
Ya cika kamyo biyu kafin azahar,
ya wuce ta ƙofar gidanmu da tsire a takarda,
yana tambaya ko mun warke daga tsoro.

Gaɓa ba ta faɗi ba.
Har yau da nake faɗa maka tana tsaye,
tsagar ta ɗan ƙara baki, hannu na shiga.

Na kai ƙara wurin Nomau, raina a ɓace.
Yana gyaran ƙotar diga, bai ɗago ba.
Ya ce, Cindo bai ci jarrabawa ba, Mantau,
gaɓa ce ba ta yi tambaya ba tukuna.

Gobe da asuba zan koma da karan dawa.