Daƙiƙa Goma Sha Tara

Ruwa ne ya koro ni ciki, ba sha'awa ba.
Ruwan Ikko ba ya sallama,
ga rabin buhun albasa a kafaɗata ban sayar ba.
Ɗakin taro ne na wata makaranta a Agege,
benci ashirin, fanka ɗaya tana juyi kamar dole aka yi mata.
A gaba mutum huɗu cikin baƙaƙen kaya, ƙafa ba takalmi,
da akwaku biyu, da ƙyallaye rataye a igiya.
Wata mata, Bolanle, ta ce da broka:
mai labari ya kawo, mu mayar masa da abinsa.

Wata ta kawo rigimarta da mai gidan haya,
suka yi shi nan take, har da tumbinsa da tarin makullai.
Na yi dariya har na manta rigata a jiƙe take.
Sai hannuna ya tashi bai shawarce ni ba.

Kujerar roba ce, ƙafarta ɗaya ɗaure da waya.
Wani yaro, Sanda, ya tsuguna yana yi mini tafinta.
Na ce sunana Tanimu.
Na ce Inna ta bar mini saƙon murya,
daƙiƙa goma sha tara:
“Tanimu, jar akuyar nan ta haihu, biyu.
In za ka taho ka sayo min man zafi, gwiwar ta matsa.
Kada ka riƙa kwana da yunwa.”
Ban taho ba. Kasuwa ta yi daɗi a watan.
Na je na iske ƙasa ta riga ni.
Shekara biyu ina kunna ta bayan isha'i,
har ranar da na hau danfo a Oshodi
na sauka aljihu ba nauyi.
Ke nan. Na ce ba wani labari ba ne.

Bolanle ta ce, mu gani.

Wani dogo ya zama ni.
Ashe haka nake karkata kafaɗa ko ba kaya a kanta?
Biyu suka zama danfo, turereniya da ihun kwandasta.
Yarinyar da na zaci za ta zama Inna
ba ta yi ɗingishi ba, ba ta ɗaura kallabi ba.
Naɗe kanta ta yi cikin shuɗin ƙyalle,
ta lafe a ƙirjin dogon.
Wayar ta zama.
Ba ta jin Hausa. Sunana kawai ta riƙe,
shi ma ta karkace masa wuya.
Amma ta ja ƙarshensa, ta ja,
kamar mai kiran yaro daga bakin rafi da magariba.
Wa ya gaya mata?

Ɓarawon ya fizge ta, ya ruga bayan akwati.
Na jira ya goge, ya sayar, a tafa.
Sai ya zauna.
Ya danna da yatsa.
Ya kara ta a kunne,
yana jin tsohuwa cikin harshen da bai sani ba.
Ya sake dannawa.

Ban taɓa kawo wannan a raina ba.
Shekara guda ina tsine masa,
ban ce ko shi ma an taɓa tambayarsa ya ci abinci ba.

Suka tsaya cak, su huɗu, suna kallona.
Bolanle ta ce, haka ne?
Na ce a'a, ba haka aka yi ba.
Na ce, ban sani ba.
Sanda ya rasa wanne zai fassara.

Ruwa ya tsagaita.
Na ajiye musu albasa shida a bakin dandamali,
manya, daga ƙasan buhu.
A tashar mota wani mai tallan magani ya tare ni.
Na sayi man zafi, ƙaramin gwangwani.
Yana nan a aljihun da aka yanka.
Na ɗinke shi.