Mai Goge Allo

Ni ne mai goge allo.
Ƙarfe tara na dare, ɗalibai sun watse,
ruwan Dundee na dukan tagar ajin sama,
ni da bokiti da tsumma nakan tsaya
in karanta abin da suka bari kafin in share.

Malama Morag Petrie da abu guda take farawa:
aikau, aikatau, karɓau.
Duwatsun murhu ne, in ji ta,
ɗaya ya goce, tukunya ta kife.
Tesfalem yana tuƙa bas.
Halyna ta sayi burodi.
Turanci ba ya barin aiki ba mai shi,
ko ruwan sama ne zai sauko
sai an nemo wata 'yar kalma mai baƙi biyu
an ɗora mata laifin zubowar.

Mako na uku aka shiga tambaya.
Nan kalmomi ke musayar kujera,
ɗan rakiyar aikatau ya tsallako gaba,
aikau ya ja baya kamar mai jin nauyi.
Tsoho Quang ya rubuta tasa sau shida,
duk shidan a karkace.
Ta bakwai ta miƙe tsaf:
yaushe bas ɗin ƙarshe ke tashi zuwa Lochee?
Washegari na gan shi a tasha,
ya faɗe ta ba gargada.
Amsar ce ta zo a guje,
bai kama ko wutsiyarta ba,
amma ya yi godiya, ya gyara hularsa.

Sai daren jimlar da ke juya baya,
karɓau ya hau gaba, aikau ya sulale.
An rushe gidan.
An rufe hanyar.
Malama ta ce haka ake yi in ba a san mai aikin ba,
ko in saninsa ba shi da wani amfani.
Ina bakin ƙofa, na ji Tesfalem,
yana ƙirga kalmominsa kamar mai ba da canji:
"Ni na san shi."
Aji ya yi tsit, sai ƙugin hita.
Ya tashi, ya karɓi alƙalamin allo,
ya mai da jimlar kan ƙafafunta,
ya sa suna a gaba, da babban baƙi.
Daren nan ban taɓa wannan kusurwar ba.

Da-na-sani ƙeya ce, kowa ya ji wannan,
amma Turanci ɗaki biyu ya gina mata,
waƙafi ne ƙofar da ke tsakani.
Halyna ta shiga duka biyun:
da na hau jirgin safe, da na same shi.
Kalma ɗaya ta ɓace mata a ɗaki na biyu.
Malama ta ɗaga jan biro,
ta tsaya, ta tsaya,
sannan ta cike gurbin da ƙaramin rubutu,
kamar mai ajiye shayi kusa da wanda ke barci.

Ni kuwa, Edgars, shekara goma sha tara ke nan
da barina Liepāja,
Turancina a ma'aikatar kifi na tsince shi,
guntu-guntu, duk ƙarni,
yana kai ni kasuwa ya dawo da ni,
bai taɓa kai ni inda nake so ba.
Jikata Isla ba ta jin harshenmu.
In ta zo, sai mu yi ta murmushi
kamar mutum biyu a layin asibiti.

Jiya, bayan na share allon fes,
na leƙa baranda, ba kowa.
Na rubuta tawa can ƙasa, ta hagu,
mai aiki, aiki, da wadda ake yi dominta:
zan koya wa Isla ɗaurin ƙugiya ranar Asabar.
Hannuna na rawa kamar na ɓarawo.

Yau na tarar an goge komai sai ita.
An matsar da kalma ɗaya da kibiya,
an ƙara wata da na manta,
a ƙasa kuma, da jan biro:
akwai kujera ba kowa, kusa da Quang.

Na jingine tsintsiya.
Har yanzu ina tsaye, tsumman na ɗiga a kan takalmina.