Dogayen Fangali na Uku

A ƙasan dam na Dadin Kowa,
inda kwata ke raba ruwa kamar rabon gado,
Bappa Gidado na da fangali bakwai na shinkafa.
Bara, a na uku, wasu tsirrai suka yi zarra,
suka ɗara 'yan'uwansu da taƙi guda.
Ya tsaya a kan kunya, ya gyara hula,
ya ce, "Waɗannan jinin gidanmu ne, dogaye."

Kwana goma, dogayen suka koɗe,
sirara kamar tsinken tsintsiya.
Iskar la'asar kaɗai ta kwantar da rabinsu.
Waɗanda suka jure har girbi
zangarniya suka miƙa masa, ba ƙwaya, sai ƙaiƙayi.

Ya tumɓuke su, ya cusa a buhun taki,
ya hau acaɓa, ya same ni a ɗakin gwaji.
"Kai da muka sayar da maraƙi don karatunka,
faɗa mini wa ya yi mini wannan."

Na yanki gindin kara, na wanke, na ɗora a faifan gilashi.
Rifkatu ta rubuta kwanan wata a murfi.
Ran Litinin, babu komai.
Ran Alhamis, ga fumfuna, fara kamar auduga,
ƙasanta ja-ja kamar an tofa goro.

Ba baki gare ta ba, ba ganye,
ba ruwanta da hasken rana.
Zare ce, ta fi gashin jariri sirantaka.
Tun iri na buhu take kwance a ɓawonsa,
ranar da ya farka a laka, tare suke farkawa.
Ta sha zaƙin da ganye ya wahala ya dafa,
ta juya shi a cikinta, hawa bayan hawa,
da haƙurin mai daddawa da ta san ranar buɗe tukunya,
har ya koma wani sinadari.

Ga abin da ya hana ni barci:
sinadarin nan ba baƙo ba ne a wurin shinkafa.
Ita ma tana yin irinsa, ɗan ƙyas,
shi ne kalmar da take ce wa gaɓoɓinta, "Ku miƙe."
Fumfuna ta haddace kalmar, ta kwaikwayi sa hannu,
ta cika kara da wasiƙun jabu.
Kowace gaɓa ta karanta, ta yi biyayya,
ta miƙe, ta ƙara miƙewa,
ba mai aiko mata da "Ya isa."

Na ce, "Bappa, danginta da yawa.
Ka san burtuntuna a kan dawa.
Akwai koriyar nan ta gyaɗa da masara in an tara da danshi,
ita dafi take haɗawa, hanta yake nema,
kuma wutar murhu ba ta kashe shi."
Ya yi shiru. Na san rumbunsa yake tunawa.

Sai Rifkatu ta sauko da wata 'yar kwalba daga kanta.
"Baba, wannan ma aikinta ne.
A manyan tukwane ake kiwon ta, a tace,
masu lambu su saya da tsada,
ɗigo kaɗan ya tada irin da ya yi nauyin barci."
Ya karɓa, ya ɗaga ta saitin taga, ya girgiza.
"Wato ɓarawon nawa har shago gare shi?"
Muka yi dariya. Shi bai yi ba.

Bana ya ƙone tattakar bara,
ya canza iri, ya wanke shi da magani kafin ya watsa.
Jiya da asuba na hango shi daga bakin kwata,
wando a naɗe, ruwa zuwa ƙwauri,
tsaye a kan wani tsiro da ya ɗara sauran.
Ya daɗe yana kallonsa
kafin ya sunkuya.