Tumbi Ɗaya

Ran Talata aka yaye mana ƙyalle.
Mu takwas a kan mutum guda,
ba shi da suna, sai lamba a yatsan ƙafa,
ga warin magani mai yankan ido.
Malama ta ce, "Ku bi sawun loma
daga ƙofa har ƙofa, ban da tsallake."

Na bi.
Haƙoran gaba wuƙa, na baya turmi,
harshe na tuƙi ba da muciya ba,
miyau ya jiƙa, maƙoshi ya karɓa,
wani ɗan marfi ya rufe hanyar iska
kada ƙwarewa ta yi ɓarna.
Bututu ya gangara ta bayan zuciya,
taƙi guda da ɗan ɗori,
ya ratsa shamakin ƙirji, ya faɗa tumbi.

Ashe tumbi ɗan burgami ne,
a lanƙwashe, hagu, ƙarƙashin haƙarƙari.
Na riƙe shi, bai cika tafuna biyu ba.
Wannan ne ke tada Sakkwato kafin assalatu?
Shi ke tsugunar da majemi a bakin kwatarniya,
ya gasa ɗan kabukabu a Gawon Nama,
ya tura masunci Rima da taru?

Daga nan sai kwana, faɗin yatsu sha biyu,
inda madaciya, ɓoye a gindin hanta,
ke ɗigo ɗacinta don maiƙo ya narke.
Sai ƙaramin hanji, sunan ne kawai ƙarami:
kamu sha biyu har da ƙari,
a naɗe kamar lungunan tsohon gari,
cikinsa lallausan gashi, mai tsotse amfani.
Babban ya kewaye shi kamar ganuwa,
ya hau ta dama, ya gitta, ya sauka hagu,
yana tatse ruwa, yana tura saura
zuwa ƙofar da ba a ambata a gaban suruki.

Da yamma na kai zanena Runjin Sambo.
Babana Modi, shekara arba'in yana fawa,
ya goge hannu a gefen riga,
ya juya takardar sama, ya juya ƙasa.
"Ke Kulu, ina sauran?
Saniya ɗaki huɗu gare ta,
har da wani mai shafi-shafi.
Ta ci haki, ta kwanta, ta yi tuƙa, ta gode.
Wanga naku ɗaki guda na,
amma shi ka cin saniyar,
shi ci gonar, shi ci ɗan'uwa."

Na yi dariya. Shi bai yi ba.
"Mi kunka iske ciki nai?"

Shi da ke karanta tumbi kamar allo,
ya san wadda ta sha dusa, ya san ta Fulani,
ya san akuyar gari da leda ta toshe.

Na ce, "Ba komai, Baba. Wayam."

Fitilar titi ta kama, ta mutu, ta kama.
Ƙuda ya gama zagayen faifai.
Can ya ce, "Ko ruwan hura?"
Na girgiza kai.

Inna ta turo kwano, farfesun kayan ciki,
barkono na tashi, raina na tashi.
Na kau da kai. Ya turo shi gabana.
"Ci, ɗiyata. Wanda kika buɗe
da ya samu, da bai bari ba."

Na yi bisimilla, na haɗiye.
Na sa yatsa a wuya ina bin ta,
ƙirji, hagu, har ta ɓace mini
cikin duhun da ke aiki ba da izinina ba.

Ran Laraba na riga kowa shiga.
Kafin in taɓa ƙyallen
na yi masa sallama.